Firgici da Baƙin Cikin Rashi: Yadda Ake Jinyar Matar Sojan da Ya Kashe Kansa

Matar da mijinta soja ne kuma ya kashe kansa tana ɗauke da ciwo iri biyu a lokaci guda, kuma kowanne da irin jinyarsa. Na farko shi ne baƙin cikin rashi, wanda duk matar da ta taɓa zaman takaba ta san shi: kewa, kuka, da begen wanda ba zai dawo ba. Na biyu shi ne firgici, wato raunin da ƙwaƙwalwa ke samu idan mutum ya yi arba da abin da ya fi ƙarfin hankalinsa, ko labarinsa ya faɗo masa bagatatan. Baƙin ciki yana jan mace zuwa ga tunanin mijinta. Firgici kuwa korarta yake yi daga wannan tunani, domin duk sanda ta tuna shi, ranar mutuwar ce ke fara tsaya mata a ido kafin shekarun zaman aurensu. A tsakanin ja da kora ne wasu matan ke maƙalewa shekara da shekaru. A kan waɗannan biyun kuma ga kunya ga zargin kai, waɗanda su ne ke hana mace buɗe baki ta nemi taimako.

Inda aka fi sanin matsalar

Mafi yawan abin da aka sani game da jinyar waɗannan mata daga Amurka ya fito, domin can ne ake ƙirga irin wannan mutuwa a kuma wallafa. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ƙasar ta ba da rahoton cewa a shekarar 2022 tsofaffin sojoji 6,407 ne suka kashe kansu, wato sama da mutum 17 a kowace rana. A 2021 wani bincike na Jami'ar Brown ya ƙiyasta cewa a cikin sojoji da tsofaffin sojojin da suka yi aiki a zamanin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan harin 11 ga Satumbar 2001, mutum 30,177 ne suka mutu ta wannan hanya, alhali waɗanda suka mutu a bakin aiki a yaƙe-yaƙen 7,057 ne. Ninki huɗu ke nan da ɗoriya.

Mafi yawan waɗannan mace-mace a cikin Amurka suke faruwa, nesa da fagen daga, da dama kuma a cikin gida. Kimanin bakwai cikin goma na tsofaffin sojojin da ke kashe kansu da bindiga suke yi. Ma'anar wannan ga iyali ita ce, sau da yawa matar ce ke fara shiga ɗakin, ko kuma tana gidan abin ya faru. Bayanan rundunar sojin Amurka sun kuma nuna cewa da yawa daga cikin mamatan ba a taɓa tura su yaƙi ba. Dalilan kan haɗu ne su yi wa mutum taron dangi: ciwon damuwa, raunin ƙwaƙwalwa daga fashewar bam, ciwon jiki mai naci, shan barasa, bashi, rikicin aure, da tsoron kada a ɗauke shi rago ko a dakatar masa da ƙarin girma idan ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa. Da wuya a samu dalili guda tilo. Amma matar da aka bari dalili guda take nema, kuma idan ta duba ta duba ba ta samu ba, sai ta ɗora wa kanta.

Abin da ya bambanta wannan rashi

A gidan soja ba duka mutuwa ce ɗaya ba. Wanda ya faɗi a fagen fama jarumi ne, ana karanta sunansa a taro, matarsa na ɗaga kai. Wanda ya kashe kansa kuwa sai a rasa yadda za a ambace shi. Har zuwa watan Yulin 2011, shugaban Amurka ba ya aika takardar ta'aziyya ga iyalan sojan da ya kashe kansa, ko da a yankin yaƙi ya mutu. Shugaba Barack Obama ne ya sauya wannan, kuma sauyin ya shafi waɗanda suka mutu a yankunan yaƙi ne kawai. Takarda ɗaya ce, amma rashinta ya daɗe yana gaya wa waɗannan mata cewa shekarun da mazajensu suka yi suna bauta wa ƙasa an shafe su da abin da ya faru a rana guda.

Daga nan sai bincike. Masu binciken soja ko 'yan sanda za su yi mata tambayoyi tun hawaye bai bushe ba: yaushe kuka yi magana ta ƙarshe, kun yi faɗa, ya taɓa faɗa miki zai yi haka? Aikinsu suke yi, amma ita abin da kunnenta ke ji shi ne tuhuma. Idan a gidan bariki suke zaune, a Amurka ana ba iyali shekara guda su tashi. Tashin na nufin rabuwa da maƙwabta, da makarantar yara, da sauran matan sojojin da suka zame mata dangi. Idan kuma mijin ya riga ya bar aiki kafin ya mutu, samun diyyar wata-wata daga gwamnati yakan dogara ne ga nuna cewa mutuwar na da nasaba da aikin soja, don haka sai ta koma tana tono takardun asibitinsa a lokacin da ganin sunansa kawai ke sa ta kuka.

Akwai kuma shekarun da suka gabaci mutuwar, waɗanda ba a cika magana a kansu ba. Wasu matan sun yi shekaru suna jinyar mutumin da ba ya barci, mai zabura da dare, mai saurin fushi, wani lokaci har da duka. Sun ɓoye wa dangi, sun ɓoye wa shugabanninsa don kada aikinsa ya lalace. Idan ya mutu, irin wannan mace na iya jin wani ɗan sauƙi a can ƙasan zuciyarta, sai kuma ta tsani kanta saboda jin sa. Tana iya fushi da shi don ya bar ta da yara, tana kuma kewarsa kamar ranta zai fita. Masu jinya na ɗaukar duk wannan a matsayin abin da aka saba gani, kuma gaya mata hakan kaɗai kan sauke mata wani nauyi.

Haɗarin da ke kanta na gaske ne. Wani babban bincike da Annette Erlangsen ta jagoranta a Denmak, wanda aka wallafa a 2017, ya bi bayanan mutum miliyan 6.7 daga 1980 zuwa 2014. Ya gano cewa waɗanda abokin aurensu ya kashe kansa sun fi sauran jama'a kamuwa da cututtukan ƙwaƙwalwa da wasu na jiki, sannan sun fi waɗanda abokin aurensu ya mutu ta wata hanya shiga haɗarin su ma su kashe kansu. Tun kafin wannan, masanin nan na Amurka Edwin Shneidman, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa nazarin wannan fanni, ya riƙa jaddada cewa kula da waɗanda aka bari shi kansa rigakafi ne.

Rarrabe baƙin ciki da ciwo

Baƙin ciki ba cuta ba ne, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa rasuwa ba sa buƙatar likita. Kuka, rashin cin abinci, mantuwa, jin kamar muryarsa a tsakar gida, duk suna cikin jimamin watannin farko, kuma suna lafawa da taimakon dangi da ibada da hidimar yau da kullum. Masana biyu na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa mai jimami lafiyayye kaiwa da komowa yake yi: wani lokaci ya fuskanci rashin ya yi kuka, wani lokaci ya ajiye shi ya kama harkar rayuwa. Matsala na farawa ne idan mutum ya kafe a gefe guda.

Wannan kafewa yanzu tana da suna a littattafan likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon baƙin ciki mai naci a kundinta na rarraba cututtuka bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Sharaɗinta shi ne a wuce aƙalla wata shida, kuma jimamin ya zarce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba da shi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bi sahu a watan Maris na shekarar, amma ta sa wata 12 ga manya. Alamominsa sun haɗa da bege mai tsanani kusan kullum, kasa yarda cewa ya tafi, jin kamar wani sashe na kanta ya mutu, guje wa duk abin da ke tuna shi, da kasa komawa aiki ko shiga mutane. Kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa rasuwa ta ciwo ko tsufa ke faɗawa cikinsa, kuma adadin ya fi haka nesa ba kusa ba idan mutuwar ta tashin hankali ce.

Ciwon firgici, wanda likitoci ke taƙaitawa da PTSD, daban yake. An sa shi a littafin likitocin Amurka a 1980, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Ana gane shi idan alamomi sun wuce wata guda: hoton abin da ya faru yana faɗo mata a farke ko a mafarki kamar yanzu yake faruwa, tana kauce wa ɗakin ko titin ko ƙarar da ke tuna mata, tana zabura da ɗan motsi, barci ya gagara, tana ganin duniya ba amana. A baƙin ciki bege ne ke kan gaba, a firgici kuwa tsoro. Ciwon damuwa na iya shigowa ya zama na uku. Aikin farko na mai jinya shi ne ya tantance wanne ne ya fi danne ta, tun da maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayan.

Matakin farko: a tsayar da ita da ƙafafunta

Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce TAPS, wadda Bonnie Carroll ta kafa a 1994 bayan mijinta, Birgediya Janar Tom Carroll, ya mutu a haɗarin jirgin soja a Alaska a 1992. Sashenta na iyalan waɗanda suka kashe kansu ya ginu ne a hannun Kim Ruocco, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a wadda mijinta, Manjo John Ruocco, matuƙin jirgin yaƙi mai saukar ungulu, ya kashe kansa a 2005, 'yan watanni bayan dawowarsa daga Iraƙi, ya bar ta da 'ya'ya maza biyu ƙanana. Tsarin da ƙungiyar ke bi yana da mataki uku: daidaita al'amura, aikin jimami, sannan sake gina rayuwa.

A matakin farko ba a tono zuciya. Ana duba ko tana barci, tana ci, da wanda ke kwana tare da ita. Ana tambayarta kai tsaye ko tana tunanin bin mijinta. Mutane da yawa na tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za ta cusa mata tunanin, amma bincike ya sha nuna cewa tambayar ba ta ƙara haɗari, hasali ma tana buɗe ƙofar magana. Ana fitar da bindiga da tarin magunguna daga gidan, a rubuta mata abin da za ta yi da wanda za ta kira idan dare ya yi mata tsawo. Ana samo wanda zai tsaya mata a kan takardu da haƙƙoƙin mijin. Abin da aka daina yi shi ne zaunar da mutum a kwanakin farko a tilasta masa ya zayyana duk abin da ya gani a zama guda. An gwada wannan, an ga ba ya hana ciwon firgici, wani lokaci ma ƙara shi yake yi.

Sai kuma haɗa ta da 'yar'uwa a rashi, wato wata matar soja da ta shiga irin wannan hali ta kuma samu horo. Darajar wannan ta wuce yadda ake zato. Matar da ta yi wata uku tana jin kowa na kallonta, idan ta zauna da wadda ta yi shekara biyar da rashin, ta ga tana raye, tana aiki, tana ambaton sunan mijinta ba tare da sunkuyar da kai ba, ta ga abin da babu likitan da zai iya rubuta mata a takardar magani.

Jinyar firgici

Idan hoton ranar mutuwar ya toshe komai, masu jinya kan fara da shi, domin mace ba za ta iya jimamin mijinta ba alhali tuna shi kawai na sa jikinta rawa. Hanyoyin da aka fi tabbatar da ingancinsu na zance ne, kuma suna da iyaka, ba zama ne na har abada ba.

Ɗaya ita ce wadda Patricia Resick ta tsara, mai kimanin zama 12, wadda ke aiki a kan tunanin da mutum ya maƙale a kansa. A farkon jinyar ana sa matar ta rubuta dalilin da take ganin ya jawo abin da ya faru. A cikin rubutun ne maganganun da ke cin ta ke fitowa. Alal misali, ta rubuta cewa da ba ta fita unguwa ran nan ba, da yana raye. Mai jinya ba zai ce mata ta daina wannan tunani ba, don dangi sun faɗa sau ɗari bai yi amfani ba. Tambayoyi zai yi mata, ɗaya bayan ɗaya. Da safen nan, me ta sani? Sau nawa ta taɓa fita ta bar shi a irin wannan yanayi ta dawo ta same shi lafiya? Da ta san abin da zai faru, za ta fita? Likitan da ya gan shi a makon, da abokan aikinsa da aka horar su gane alamun haɗari, sun gane? Mutum ɗaya zai iya gadin wani dare da rana har ƙarshen rayuwa? Ita ce za ta ba da amsa, ta rubuta, ta koma gida ta sake gwadawa a kan wani tunanin. Sannu a hankali sai ta fara rarrabe abin da ta yi da niyya, da abin da take da ɗan hannu a ciki, da abin da babu wanda ya isa ya hango. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, kuma kusan dukan wannan jinya ƙoƙari ne na raba mace da hukunta kanta ta jiya da ilimin da sai yau ta same shi.

Wannan shi ne wurin da ya fi wuya idan sun yi faɗa kafin mutuwar, ko ta ce za ta bar shi, ko ya bar takarda da sunanta a ciki. Mai jinya na gari ba ya ƙaryata cewa faɗan ya faru. Yana dai nuna mata cewa ma'aurata miliyoyi na faɗa suna rabuwa ba tare da kowa ya mutu ba, kuma abin da ya sa wannan faɗan ya ƙare haka ciwo ne da ke cikin mijin tun kafin ranar. Ba ita ta kashe shi ba, kuma sai ta kai ga faɗin haka da bakinta jinyar ke kama hanya.

Hanya ta biyu ita ce ta Edna Foa ta Jami'ar Pennsylvania, wadda ke koya wa mutum fuskantar abin da yake gudu a hankali, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: yau ta tsaya a ƙofar ɗakin, gobe ta shiga ta yi minti biyar, har jiki ya koyi cewa tuna abu ba sake faruwarsa ba ne. Ta uku ita ce EMDR ta Francine Shapiro, inda mutum ke tuna abin da ya faru yana bin yatsan mai jinya da ido hagu da dama.

Jinyar baƙin ciki mai naci

Likita Katherine Shear, wadda yanzu take Jami'ar Columbia a New York, ta tsara jinya ta musamman mai zama 16. A gwajin da aka wallafa a 2005, kashi 51 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ita sun samu sauƙi a fili, idan aka kwatanta da kashi 28 na waɗanda aka yi wa jinyar zance da aka saba yi wa masu ciwon damuwa.

Matar kan riƙe ɗan littafi tana rubuta ƙarfin baƙin cikinta kowace rana, da abin da ya tayar da shi. Da wannan take gane cewa ciwon yana hawa yana sauka, ba a tsaye yake ba kamar yadda take ji. A ɗaya daga cikin zaman farko ana gayyato wani nata, uwa ko 'yar'uwa ko aminiya, don kada jinyar ta tsaya a ɗakin likita. Tun da wuri kuma ana tambayarta abin da za ta so wa kanta da a ce baƙin cikin ya yi sauƙi: komawa makaranta, sana'a, ziyarar wani gari. Da yawa kan yi shiru, don sun manta ana so wa kai wani abu.

Tsakiyar jinyar ita ce komawa ga labarin mutuwar. Matar za ta rufe ido ta ba da labarin lokacin da ta samu labari ko ta gan shi, kamar yanzu abin ke faruwa, na 'yan mintoci, ana naɗar muryarta. Mai jinya na tambayarta lokaci-lokaci yadda zafin yake. Idan ta gama su tattauna abin da ta lura da shi, sannan ta ajiye labarin da gangan, ta tsara wani abu mai daɗi da za ta yi wa kanta a ranar. A gida za ta riƙa sauraron muryar tata. A makon farko wata ba ta iya kai ƙarshe. Bayan makonni labarin kan fara sauyawa: abubuwan da ta manta su dawo, kamar maƙwabciyar da ta riƙe ta, ko abin da ta yi don ceto shi. Can gaba kuma ana sa ta yi magana da mamacin a zuci, ta tambaye shi abin da take son tambaya, ta amsa da abin da ta san zai ce. A nan ne mata da yawa ke furta fushin da suka haɗiye, su nemi gafara, su kuma yafe.

Manufar ba ta manta da shi ba ce. Ana so ta kai inda za ta tuna mutumin gaba ɗayansa, mai kirkinsa da mai laifinsa, ranar ɗaurin aure da ranar suna, ba ranar ƙarshe kaɗai ba. Wani gwaji mafi girma da aka wallafa a 2016 ya haɗa da waɗanda nasu suka kashe kansu, kuma sun amfana da jinyar, ko da yake ba su kai sauran samun sauƙi ba. Wannan na nuna cewa rashin nasu ya fi nauyi, kuma akwai sauran aiki a gaban masana.

Magunguna

Gwajin na 2016 ya nuna cewa maganin ciwon damuwa bai rage baƙin cikin rashi shi kansa ba, sai dai ya taimaka wa alamun damuwa idan an haɗa shi da jinyar zance. Ga ciwon firgici, likita na iya rubuta magunguna irin su sertraline. Ƙwayoyin kwantar da hankali dangin Valium kuwa, ƙa'idojin jinyar sojojin Amurka sun yi hani da amfani da su a wannan ciwo, domin suna kama jiki kuma ba sa warkarwa. Sayen ƙwayar barci a kemis ba tare da likita ba haɗari ne babba ga macen da ke cikin wannan hali.

Yara

Tambayar da ta fi tayar wa uwa hankali ita ce abin da za ta gaya wa yara. Wani bincike da Holly Wilcox ta Jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta a 2010, bisa bayanan ƙasar Suwidin, ya gano cewa waɗanda uwa ko uba ya kashe kansa suna yara ko matasa sun ninka sauran sau uku a haɗarin mutuwa ta wannan hanya. Duk da haka mafi yawansu nesa ba kusa ba ba sa yin hakan. Shawarar masana ita ce a faɗi gaskiya daidai da shekarun yaro, ba tare da zayyana yadda abin ya faru ba: Baba ya yi rashin lafiya a ƙwaƙwalwarsa, ciwon ya hana shi tunani daidai, ya sa ya kashe kansa, ba laifin kowa ba ne, kuma irin wannan ciwo yana da magani idan an faɗa. Yaron da aka ce masa haɗari ne, wata rana a bakin 'yan makaranta zai ji, ya rasa uba ya kuma daina yarda da uwa.

Tambayar addini

Ga mace mai imani, tambayar makomar mijinta kan fi kowace tambaya hana ta barci, kuma mai jinyar da ya kauce mata ya bar rabin aikin. Musulunci ya haramta kashe kai haramci mai tsanani, amma mafi rinjayen malamai sun tafi a kan cewa wanda ya yi hakan bai fita daga Musulunci ba: ana yi masa wanka da salla, a binne shi cikin Musulmi, a roƙa masa gafara. A fiƙihu kuma hankali sharaɗi ne na ɗora wa mutum alhakin aikinsa, kuma Allah kaɗai ya san halin da hankalin bawansa ke ciki a wannan lokaci. Cocin Katolika ma, a littafin koyarwarta na 1992, ta bayyana cewa tsananin ciwon ƙwaƙwalwa na iya rage alhakin wanda ya kashe kansa, kuma tana yi wa irin waɗannan addu'a. Malami ko fasto da ya san wannan ya kuma faɗe shi da taushin harshe abokin aikin likita ne. Wanda ya yanke wa mamaci hukunci a gaban matarsa da marayunsa kuwa ya shiga hurumin da ba nasa ba.

A ƙasar Hausa

Tun 2009 sojojin Najeriya ke yaƙi da Boko Haram a arewa maso gabas, daga baya kuma takwarorinsu na Nijar da Chadi da Kamaru suka shiga yaƙin a yankin Tafkin Chadi, ga kuma yaƙi da 'yan bindiga a arewa maso yamma. Jaridu sun sha kawo labarin sojan da ya kashe kansa, kuma kusan kowane irin wannan labari akwai iyali a bayansa.

Al'ada ta tanadi abin da Amurkawa ke ƙoƙarin ginawa da ƙungiyoyi: zaman makoki, 'yan gaisuwa, takaba ta wata huɗu da kwana goma wadda ke ba mace lokaci da matsayi. Amma a irin wannan mutuwa tanadin kan yi rauni. Masu cewa "ya haƙuri" na iya komawa gefe suna raɗa, dangin miji su tambaye ta me ta yi masa, a ɓoye dalilin mutuwar a ce gajeriyar rashin lafiya ce, ita kuma ta rasa wanda za ta gaya wa abin da idonta ya gani. Tana fita takaba ana sa ran ta warware, har a fara zancen wani aure, alhali a ma'aunin likitoci lokacin da za a iya gane ciwon baƙin ciki mai naci bai ma yi ba tukuna. Doka ita ma ta ƙara ɗaure baki: sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa da sashe na 327 na na Kudu sun tanadi ɗauri har na shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya sun daɗe suna kiran a yi haka. Suna da gaskiya, domin mai tsoron kurkuku ba zai faɗi abin da ke ransa ba.

Wuraren neman taimako akwai su, ko da ba su wadata ba. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, ga asibitin Dawanau a Kano, ga sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin soja. Ƙungiyoyin matan sojoji da ke cikin barikoki su ne suka fi dacewa da aikin haɗa mace da 'yar'uwarta a rashi, idan aka ba su horo.

Duk wanda ke da irin wannan mace a danginsa ko a maƙwabtansa, ya ci gaba da zuwa bayan 'yan gaisuwa sun watse, ya ambaci mamacin da alheri, ya bar tambayar me ya sa. Idan ta fita takaba har yanzu ba ta barci, tana zabura, tana gudun mutane, ko tana cewa ita ce sila, a raka ta asibiti. Idan kuwa ta ce gara ta bi shi, kada a bar ta ita kaɗai, kuma a kai ta ga likita a ranar.